Jegon da ya kai ni cikin rawar Girkawa a Melbon

Kwanana uku da sauka a Melbon, ina tsakar gida ina shanya kayan jaririya, idona duk barci dan har lokacin jikina bai yarda da agogon garin ba, awa goma cur suka riga Najeriya, sai naji muryar yaro daga bayan katanga yana ƙwala kira "Yaya! Yaya!" Wallahi wani daɗi ne ya rufe ni, na bar bokitin a nan na shiga ciki da sauri nace Yaya ashe maƙotanku Hausawa ne shine baki taɓa faɗa mana ba? Tana zaune tana shayarwa tayi murmushi tace a'a ƙanwata, Girkawa ne, haka suke kiran kaka mace, namijin kuma papu, ni ma ranar da muka tare a gidan nan sai da na leƙa.

Jego ne ya kai ni. Yayata ta haihu a Janairu, Mama kuma gwiwoyinta ba za su ɗauki wannan doguwar tafiya ba, sai aka ce ni in je in zauna mata wata uku. Daga Abuja zuwa Doha, daga Doha kuma sama da awa goma sha uku a sama ba sauka har sai da ƙafafuna suka kumbura. Tun kafin in taso ta ja min kunne kada in kuskura in saka kilishi ko dambun nama a jaka, ƙasar Ostireliya ba ta wasa da shigo da nama da tsirrai, duk abin ci da ka ɗauko sai ka rubuta a takarda an duba. Na baro hazon Kano da sanyin hunturu na tarar da su a tsakiyar zafi, dan su lokutansu a juye suke da namu.

Unguwar da suke haya sunanta Oakleigh, kudu maso gabas da cikin gari, mijinta yana karatu a jami'ar Monash da ke kusa. Ba sai an faɗa maka gidan Girkawa ba, kana tafe a layi za ka gane: bishiyar lemon tsami dole, zaitun a bakin ƙofa, ɓaure, inabi ya hau rumfa, tumatir an ɗaure shi jikin sanduna, sauran tsakar gidan kuma an malale shi da siminti tas. Akwai wani layin kasuwa Eaton Mall da mota ba ta shiga, kujeru a waje, tsofaffi maza zaune tun safe da ƙananan kofunan gahawa suna juya wani abu kamar carbi a hannu, da farko na ɗauka tasbihi suke ja, ashe ba na ibada ba ne, komboloi suke ce masa, na ɗebe kewa ne kawai. Mijin Yaya yace a ƙidayar 2021 mutum sama da 420,000 ne a ƙasar suka ce asalinsu Girka, kuma Melbon ce cibiyarsu. Yace ai mu ma ba baƙinmu ba ne, kantin Leventis da iyayenmu suke ba da labari a Kano mai shi ɗan Girkawan tsibirin Saifurus ne, shi ma Zochonis ɗin da ke cikin sunan kamfanin sabulun PZ mutumin Girka ne.

Mai gidan da ke jikin namu tsohuwa ce ta kai tamanin, gajera, kullum cikin baƙaƙen kaya tun da mijinta ya rasu shekaru da dama, su irin nata takabar ba ta ƙarewa. Lemon tsami ta fara miƙo min ta saman katanga cike da leda. Nace na gode Kaka, sai jikarta da ke tsaye ta rufe baki tana dariya tace dan Allah kada ki kira ta haka, kalmar a yarensu ba ta da daɗin ji, ki ce yaya kamar kowa. Shikenan na zama da yayye biyu, ta cikin gida da ta katanga. Ita kuma "koritsi mu" take ce min, wato yarinyata.

Washegari sai ga ta da tukunya a naɗe da tawul, romon kaza da shinkafa an kaɗa ƙwai da lemon tsami a ciki, kafin mu buɗe baki tace da ɗan Turancinta mai tsalle-tsalle a wajen mahaucin Musulmi ta sayo kazar, ta san mu. Ta leƙa jaririya tayi ɗan tofi a iska sau uku wai maganin kambun baka, ta ba da wata shuɗiyar tsakiya mai kamar ido, Yaya ta karɓa da hannu biyu tayi godiya, bayan ta fita ta ajiye a durowa muka yi wa yarinyarmu addu'o'inmu. Abin da ya haɗa mu sosai shine arba'in. Da taji Yaya ba za ta fita yawo ba sai ta yi kwana arba'in sai ta dafe ƙirji tana gyaɗa kai, tace su ma haka, mai jego ba ta fita sai ta cika arba'in sannan a kai jariri coci a sa masa albarka, amma surukanta ko sati ba su yi a ɗaki ba. Daga ranar ta ɗauke mu mutanen kirki.

To kullum in la'asar ta yi sai wani busa ya riƙa fitowa ta tagar kicin ɗinta. Ban taɓa jin irinsa ba. Ba sauri, ba ganga da farko, abin busar zai ja sauti ɗaya ya daɗe a kansa sai ya zame ƙasa a hankali kamar mutum ya gaji da kuka muryarsa ta dishe, sai ya sake hawa yana rawa-rawa, a ƙarƙashinsa kuma wani sauti guda yana ta gunji ba ya canzawa. Ranar farko na ɗauka rasuwa aka yi musu. Sai da jikar ta zo, ita ma'aikaciyar jinya ce kuma ita ta zama tafintarmu, ta gaya min kiɗan mahaifar kakarta ne, yankin Ipiros, duwatsun arewa maso yammacin Girka kusa da iyakar Albaniya, babban garinsu Yanina. Abin busar klarino, baƙar sarewar nan ta Turawa mai maɓallai, amma yadda suke busa ta ba ruwanta da ta 'yan faretin soja. Tace a can ko biki ake yi da kiɗan makoki ake buɗewa, miroloi, a tuna da waɗanda suka mutu da waɗanda suke nesa kafin kowa ya tashi rawa.

A nan na fara jin kalmar da ta bi ni har gida, ksenitiya. Na tambaya me take nufi, jikar ta yi ta lalube a Turanci ta kasa samo kalma ɗaya. Baƙunta ce, zaman wata ƙasa ne, ci-rani ne da ya zarce ya zama kaka-gida, kuma ciwon da wanda ya tafi da wanda aka bari suke ji duk yana ciki. Suna da waƙoƙi jibgi a kanta kaɗai, uwa na tsaye a bakin ƙofa tana duban hanya, mata tana aiken tsuntsu da saƙo, wanda ya kwanta ciwo a garin da ba mai ba shi ruwa. A waƙoƙin sukan jera ta da mutuwa da maraici su ce ta fi su nauyi, dan mamaci an san inda yake an haƙura. Mutanen Ipiros tun zamanin Daular Usmaniyya mazansu ke fita neman kuɗi, magina da masu gasa burodi, a yi shekaru ba a gan su ba, ƙasar dutse ce noma ba ya riƙe gida. Ni da na taso ina ganin 'yan ci-rani suna shigowa Kano da kaka, ina kuma jin labarin danginmu da suka tafi Makka a ƙafa suka maƙale a Sudan har yau jikokinsu suna can, ban sha wahalar ganewa ba.

Wata rana ta kira ni cikin gida ta ɗauko gwangwanin biskit cike da hotuna. Ta nuna min wata budurwa siririya da gashi har baya a jikin dogarin jirgin ruwa, tace ni ce, 1964. Ta taso ne bayan yaƙin duniya da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1946 zuwa 1949, wanda a duwatsunsu aka fi gwabza shi, ƙauyuka sun ƙone, maza sun ƙare, yunwa ta ko'ina. A 1952 aka ƙulla yarjejeniyar da ta buɗe wa Girkawa hanyar zuwa Ostireliya aiki ana taimaka musu da kuɗin jirgi, daga 1960 kuma wasu suka kwarara Jamus. Samari ne suka fara tafiya, da suka ga ba matan aure sai aka koma auren hoto, a aika hoton yarinya a aiko na saurayi, iyaye su amince shikenan. Jikar tace a 1957 akwai jirgi guda, Begona, da ya kawo amare wajen 900 a tafiya ɗaya. Ita Yayar katanga a jirgin Patris ta zo, wanda ya yi ta jigilarsu daga 1959 har 1975, sunan ma wai ƙasar haihuwa yake nufi, kiji fa, jirgin da ke raba ka da gida shi aka sa wa sunan gida. Daga tashar Piriyas suka tashi, suka ratsa mashigin Suwez, kusan wata guda a kan ruwa, tana riƙe da hoton mutumin da ba ta taɓa jin muryarsa ba. Tace da jirgin zai tashi ta riƙe bakin wani zare mahaifiyarta ta riƙe ɗayan bakin daga ƙasa har ya tsinke. Nan tayi shiru tana ta gyara hotunan da ba su karkace ba.

Shekara biyu suka ce za su yi su tara kuɗi su koma. Kowa haka yace. Mijin yana kamfanin haɗa motoci a Fishermans Bend, ita tana masaƙa tana ɗinki, gida ɗaya iyali uku kowa da ɗakinsa kicin ɗaya, in mai aikin dare ya dawo mai aikin safe ya miƙa masa yara a bakin ƙofa. A titi ana kiransu da sunan raini, yaransu suna ɓoye abincin da aka ƙunsa musu a makaranta dan kar a yi musu dariyar wari. Mahaifiyarta ta rasu ba su sake ganin juna ba, wasiƙa ce ta zo bayan an yi makonni da binnewa. Nace Yaya to me ya riƙe ki? Sai ta nuna rediyo, ta nuna ƙafafunta. Tace ranar Asabar da dare a hol ɗin ƙungiyar 'yan yankinsu, kowa ya wanke man inji ya sa kwat, a busa klarino a yi kuka a yi rawa, Litinin a koma aiki. Ta nuna min wani tsohon faifai na Stelios Kazantzidis, wanda ya rasu a 2001, tace duk ɗan Girka da ya yi aikin masana'anta a Jamus ko a nan da muryar mutumin nan ya yi kuka.

Bayan sati sai da na sa mijin Yaya ya kai ni Station Pier a Port Melbourne, tashar da jiragen ruwan nan suka riƙa sauke su, taragon lamba 109 har bakin wajen yake kaiwa. Ba wani abin kallo, gada ce doguwa ta shiga cikin teku da iska mai ƙarfi, amma na tsaya ina lissafin yarinya 'yar ashirin da akwati ɗaya tana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da hoto.

Jikar tana cikin ƙungiyar rawa, ranar wata Talata da yamma ta ɗauke ni na raka ta atisaye dan bikinsu ya matso. Hol ne na ƙungiya, tutar Girka da ta Ostireliya, hotunan ƙauyuka a bango, kakanni a jere a kujerun roba suna tsegumi suna gyara wa yara kuskure daga zaune. Abin da ya ba ni mamaki, yawancin samarin da 'yan matan nan Turanci suke yi a tsakaninsu, irin na 'yan ƙasar sak, wasu ko gaisuwa da Girkanci da ƙyar suke haɗawa duk da makarantar Asabar da aka yi ta tura su, amma da aka kunna kiɗa ƙafafunsu ba su yi gargada ba. Malamin yana ƙirga musu da Girkanci, ena, diyo, triya, su kuma bakinsu na bin waƙar da rabinsu sai an fassara musu. Gaskiya a nan zuciyata ta karye, dan babban ɗan Yaya shekararsa shida, in na yi masa Hausa yana ji amma da Turanci yake amsa min, kuma mu ba mu da hol, ba mu da Talata, Hausawan garin ba su da yawa kuma a warwatse suke.

Rawarsu yawanci da'ira ce da ba a rufe ba, a riƙe hannu a riƙa tafiya ta dama. Na gaba shi ne mai rawar, shi ke juyi da tsalle, na biyun yana riƙe da shi da hankici dan ya samu abin dogara, kuma an ce riƙon ma gwaninta ne, in na biyu bai iya ba na farko zai sha ƙasa. Sauran layin aikinsu su riƙe takun. Wadda kowa ya iya ita ce kalamatiyanos, taku goma sha biyu, a yi gaba a ɗan ja baya, kiɗanta bugu bakwai ne ba shida ko takwas da kunnenmu ya saba ba, dogo ɗaya gajeru biyu, shi yasa in ka tafa yadda muke tafin gaɗa sai ka ji kamar an sace bugu ɗaya. Na 'yan Ipiros kuwa nauyi ne da su, a ɗaga ƙafa a hankali a tsaya da ita a sama kamar ana tunani sannan a ajiye. Jikar tace samari sun fi tsoron waɗannan, dan mai sauri yana ɓoye kuskure, a hankali kuwa kowa na ganinka.

Ƙarshen Fabrairu, mun yi arba'in da kwana biyu, aka yi bikin Antipodes a titin Lonsdale cikin gari. Tun 1987 ake yinsa, ƙungiyar al'ummar Girkawan Melbon ce ke shiryawa, ita kuma ƙungiyar tun 1897 take. Kwana biyu ake rufe titin. Muka hau jirgin ƙasa daga Oakleigh, ni da Yaya da jaririya a keke da yaron da Yayar katanga da ta sa sabon baƙin siket da jakar hannu. Tun daga nesa hayaƙin gashi ya tare mu, suvlaki, tsirensu kenan, ni dai ban ci ba tunda ban san yankan ba kuma akwai na alade a wasu rumfunan, sai na tsaya kan lukumades, fanke ne ƙanana zagayayyu da zafinsu a kwarara musu zuma da kirfa, sai da na ƙara.

Dandamali ba ɗaya ba, kowane yanki da ƙungiyarsa da kayansa. Ashe abin da muke gani a talabijin ana riƙe kafaɗa ana ƙara sauri, sirtaki, ba ma tsohuwar rawa ba ce, dan wani fim aka ƙirƙire ta a 1964. Na gaske suna da yawa kuma ba su kama da juna. 'Yan tsibirin Kirit suka fito da baƙaƙen riguna da dogayen takalma, mai kiɗansu ya kafa lira a kan gwiwa a tsaye yana goga ta, ƙanwar goge ce ko kukuma wallahi, tsirkiya uku, kuma ba danna ta yake da yatsa ba, da farce yake taɓa gefenta. Masu fustanela, farin siket ɗin maza mai ninki 400 da takalma masu tuntu a baki, suka yi tsamikos, na gaba yana tsalle yana dukan tafin takalminsa. Wasu suka zo da zurna da babbar ganga dauli, in ka rufe ido ka rantse algaita ce a ƙofar fada. Har liƙi suna yi, wanda ya nemi a yi masa waƙarsa sai ya jefa wa makaɗa kuɗi ko ya manna wa mai busa a goshi. Da aka ce min hasapiko asalinta rawar mahautan Istanbul ce sai na tuna kalangu da 'yan fawa a bakin kasuwa.

Waɗanda suka tsayar min da numfashi su ne 'yan Pontos. Kafaɗa da kafaɗa a matse, baƙaƙen kaya, ba murmushi, duk jikinsu yana karkarwa tare kamar mutum ɗaya, sai su buga ƙafa su yi wani ihu su durƙusa su miƙe, dandamalin har girgiza yake. Wani saurayi abokin jikar, shi ɗan can ne, yace ƙasar da wannan rawar ta fito babu su a cikinta yanzu, gaɓar Bahar Aswad ce a Turkiyya. Bayan yaƙin Girka da Turkiyya da ƙonewar birnin Simirna a 1922, wato Izmir ta yau, aka yi yarjejeniyar musayar jama'a a 1923, kuma da addini aka raba ba da yare ba, Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka koma Girka, Musulmi wajen dubu ɗari huɗu aka tura Turkiyya. Akwai Musulmin Kirit da Girkanci ne yarensu aka kwashe su, akwai Kiristocin da Turkanci kaɗai suka iya su ma aka kwaso. Na tausaya wa dukansu, dan ba wanda aka tambaya. Yace kakan kakansa ya yi gudun hijira zuwa Girka, kakansa ya bar Girka ya zo nan, gida biyu aka rasa, rawar ce ba a bari a hanya ba.

Da magariba muka samu lungu muka yi salla, muna dawowa masu rebetiko sun hau, su a zaune suke a jere kan kujeru, buzuki, abin kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya kamar garaya, da ɗan ƙaraminsa baglama da bai fi tsawon hannu ba. Kiɗan talakawan tashar Piriyas ne da 'yan gudun hijirar nan, na gidan yari da talauci da soyayyar da ba ta yi ba, gwamnatin kama-karya ta Metaksas a Girka ta sa masa takunkumi bayan 1936, yau kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya tun 2017. Matar da ke waƙa ta ja wani dogon "aman" sai tsigar jikina ta tashi, na juya nace Yaya wannan ai kamar ƙira'a, ashe ba kunnena ba ne ya yaudare ni, hanyoyin sautinsu har sunaye irin na Larabawa suke da su, hijaz, rast, saba. Ana cikin haka wani dattijo mai farin gashi ya miƙe shi kaɗai, ya buɗe hannuwa, kansa a sunkuye yana duban ƙasa yana juyawa a hankali kamar zai faɗi sai ya tare kansa. Zeibekiko kenan, bugu tara, ba a koyar da takunta kamar sauran, kowa abin da ke cinsa yake takawa. 'Ya'yansa da abokai suka durƙusa a gwiwa ɗaya suka kewaye shi suna tafa masa, ba wanda ya shiga, wai rashin kunya ne ka shiga rawar wani. Da ya gama ya share ido da bayan hannu ya zauna.

Can dare sai klarino ya tashi daga ɗaya dandamalin. Yayar katanga da tun yamma take kukan ƙugu tana zaune a kan kujerar da muka aro mata, sai gata a tsaye. Ta buɗe jaka ta ciro farin hankici a goge a ninke, ta miƙa wa jikarta baki ɗaya, mutane suka buɗe mata ta shiga gaba. Ban san ya aka yi ba ta waiwayo ta ce "ela, koritsi mu", zo yarinyata, wasu mata biyu tsofaffi suka buɗe hannu suka sa ni a tsakiyarsu da mayafina da komai. Takun mai sauƙi ne, ɗaya dogo biyu gajeru, ta hannun dama tana matsa min yatsu duk lokacin da ya kamata in taka. Tafin hannunta kaushi kamar na matan da suka sha surfe. Na leƙa gaba na hango tsohuwar nan kanta a sama, idonta a rufe, bakinta yana motsi, tana ɗaga ƙafa kaɗan-kaɗan, mai busa ya sauko daga dandamali ya zo daidai kunnenta yana busa mata ita kaɗai. Layin ya yi ta tsawo har ya naɗe sau uku a tsakiyar titi, a can wutsiya na hango ɗan Yaya wani yaro ya ja shi sun shiga suna ta tsalle.

Sauran makonnin da suka rage min, kullum bayan la'asar sai in zaunar da yaron a tsakar gida in yi ta koya masa waƙoƙin gaɗa da na dandali da Mama ta koya mana, da tafin, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, in ya amsa da Turanci in ce ban ji ba sai ya sake. Yaya tana jinmu daga kicin wani lokaci ta karɓi amshi muryarta na rawa. Ita ma ta katanga takan rage rediyonta ta jingina da katanga tana tafa mana, tafin nata kullum yana zamewa daga namu.

Ranar da zan taho da asuba ne, gari ya fara sanyi dan kakarsu ta shigo. Mijin Yaya yana saka akwatuna a but sai ga ta ta fito da rigar sanyi a kan kayan barci, riƙe da kofin ruwa da ƙullin busasshen ganyen rigani na lambunta, wani ganyen ƙamshi da suke sa wa girki. Jikar ba ta nan, sai da ɗan Turancinta da hannu ta yi min magana, ta nuna ni ta nuna sama ta ce mama, mama, ki gaishe ta, ki zauna kusa da ita. Ta juya wajen Yaya ta ɗaga mata yatsa tace yau kada ki yi shara a gidan nan, a ƙauyensu ba a share bayan matafiyi. Na rungume ta, ƙamshin lemon tsami da sabulu. Motar na tashi na waiga ta gilashin baya, ta watsa ruwan kofin a kan titi a bayanmu, ta tsaya a wajen da kofin a hannu, Yaya a gefenta da jaririya a kafaɗa, har muka sha kwana.